Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Manyan Ƙungiyoyin Ingila Shida: Kada Ku Sake Fakewa Da Mu

Zuwa ga iyalan Glazer da Jim Ratcliffe na Manchester United, da Stan Kroenke na Arsenal, da John Henry da abokan jarinsa na Liverpool, da Sheikh Mansour na Manchester City, da kamfanin ENIC na Tottenham, da Todd Boehly da kamfanin Clearlake na Chelsea.

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Masu wannan takarda wasu ne daga cikin masu bin ƙwallon Ingila a ƙasar Hausa, wato mutanen da a littafin cinikinku ake kira kasuwar ƙetare. Mun san Ratcliffe da Boehly ba su cikin waɗanda suka sa hannu kan kafa gasar ɓallewa ta Super League a 2021, daga baya suka shigo. Amma wanda ya sayi gida ya sayi yoyonsa, shi ya sa muka haɗa da su. Abin da ya sa muka rubuto guda ɗaya ne: duk sanda kuka ƙulla abin da mutanen garuruwanku ba sa so, da sunanmu kuke kare kanku. Ku ce masu zanga-zanga a ƙofar fili tsirarun tsofaffi ne, miliyoyin da ke kallo daga Afirka da Asiya kuwa manyan wasanni kawai suke so. Ba ku tambaye mu ba, to ga amsar.

Daren Lahadi 18 ga Afrilu 2021, ana cikin makon farko na azumi, sanarwar Super League ta fito. Ƙungiyoyinku shida, da Real Madrid da Barcelona da Atlético Madrid, da Juventus da AC Milan da Inter. Tsarin shi ne ƙungiya 20, goma sha biyar daga ciki masu kujerar dindindin, ko sun yi ƙoƙari ko ba su yi ba, biyar kuma su riƙa shigowa bisa cancanta kowace kaka. Rukuni biyu na goma-goma, gida da waje, wato wasa 18 a tsakiyar mako kafin a kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale, maimakon shida da aka saba a gasar Zakarun Turai ta lokacin. Bankin JP Morgan zai zuba yuro biliyan 3.5 a raba wa waɗanda suka kafa gasar. Wannan kuɗi ba kyauta ba ne, bashi ne da za a riƙa biya daga kuɗin talabijin har shekara 23. Takardun da jaridu suka bankaɗo sun nuna kashi 20 cikin ɗari kacal na kuɗin shiga ne za a raba bisa abin da ƙungiya ta yi a fili. Sauran ya danganta ne da ko kai wane ne, da kuma yawan masu kallonka. Washegari Florentino Pérez, shugaban Real Madrid, ya hau talabijin a Sifaniya yana cewa matasa sun daina sha'awar ƙwallo, ƙila ma sai an rage tsawon wasa. 'Yan jarida a Ingila suka ruwaito cewa a cikin masu shirin akwai masu kiran 'yan kallon cikin fili magoya bayan gado, su kuma magoya bayan gobe suke hari. Mu ne goben da ake nufi.

To ku zo mu duba abin da magoya bayan goben nan suke kallo. Duk gidan kallo yana da allo a ƙofa, da alli ake rubuta wasannin ranar da lokacinsu. Mai gidan ya biya kuɗin tasha, ya sayi man janareta, saboda haka babu wanda ya fi shi sanin wasan da ke cika benci da wanda ba ya cikawa. Ku tambaye shi ranar ƙarshe ta kaka, lokacin da ake take wasa goma a lokaci guda. Akwatin talabijin biyu ko uku ake jerawa a gaba, kowanne da wasansa, mai goyon bayan Arsenal ya juya wa wasan ƙungiyarsa baya yana addu'a wata ƙaramar ƙungiya da ke neman tsira daga faɗawa gasar 'yan dagaji ta riƙe wa Tottenham wuya. Ihu ya tashi a kusurwar hagu, na kusurwar dama su miƙe su leƙa su ga wa aka ci. Abin da ya tara mutanen nan fargaba ce: yau wani zai rasa gurbi, wani zai nitse, gobe a majalisa akwai wanda ba zai iya ɗaga kai ba. Mai gidan kallon nan kuma zai gaya muku yadda wasan sada zumunta na watan Yuli yake, ko da Real Madrid ce da Manchester United: rabin benci babu kowa. Sunayen suna nan, 'yan wasan suna nan, amma babu abin da za a rasa. Gasar da kuka tsara kuwa, wasan Yuli ce aka shimfiɗa ta tsawon shekara.

Ranar da kuka yi sanarwar, Arsenal tana ta tara a teburi, da ƙyar ta yi kunnen doki 1-1 da Fulham a gidanta. Tottenham tana ta bakwai, rabonta da kofin lig tun 1961. Leicester tana ta uku, West Ham ta huɗu, ba a gayyace su ba. A lokacin Arsenal da Tottenham da Manchester City da Atlético babu wadda ta taɓa ɗaga kofin Zakarun Turai, alhali Ajax tana da huɗu, Benfica da Porto da Nottingham Forest kowacce biyu. Leicester ɗin da ta ci Firimiya a 2016, wadda Ahmed Musa ya koma a bazarar da ta samu tikitin Turai, a tsarinku sai ta tsaya layin gurbi biyar da ake rabawa nahiya guda, ƙungiyar da ta ƙare ta goma kuma ta wuce kai tsaye. Wata biyar bayan sanarwarku Sheriff Tiraspol ta Moldova ta shiga Bernabéu ta doke Real Madrid 2-1. Irin wannan daren ne kuka so ku soke.

Ɓarnar ba za ta tsaya a Turai ba. Yau tseren shiga huɗun farko shi ke riƙe rabin teburin Firimiya daga Janairu zuwa Mayu. Idan shida suna da gurbin da ba ya motsi, wannan tsere ya mutu. Kocin da ke da wasa 18 masu tsoka a tsakiyar mako zai ajiye manyan 'yan wasansa ranar Asabar. Masu tashoshi su ga armashi ya ragu su rage farashi, abin da ake saukar wa ƙananan rukunai ya ragu, ku kuma kuna da ƙarin ɗaruruwan miliyoyi da babu mai iya kamo ku. Mun san Firimiya kanta ɓallewa ta yi a 1992, kuma neman kuɗin talabijin ne ya sa. Amma ta bar ƙofa a buɗe, uku su sauka uku su hau. Wannan ƙofar ce bambancin.

Sai maganar kuɗinmu, tunda shi ne hujjarku. Kuɗin talabijin na cikin gida kashi uku ake yi masa: rabi daidai-wa-daida, rubu'i bisa matsayi a teburi, rubu'i bisa yawan wasannin da aka haska. Na ƙetare kuwa, tun 1992 daidai-wa-daida ake raba shi tsakanin ƙungiyoyi, saboda a farko bai taka kara ya karya ba. Da ya yi kauri, sai kuka matsa har aka sauya a 2018: duk ƙarin da aka samu daga ƙetare, bisa matsayi za a raba. A zangon 2022 zuwa 2025 kuɗin ƙetare ya zarce na cikin gida a karon farko. Hujjarku ita ce ku ake kallo. Gaskiya ne riguna shida ne suka fi yawa a kasuwanninmu. Amma abin da muke biya mu gani shi ne ko Brentford ko Crystal Palace za ta kayar da ku a yammacin Asabar, wasan ƙarfe uku ɗin nan da mu muke gani a talabijin, mutumin Manchester kuma ƙa'idar ƙasarsa ta hana a haska masa. Rabon daidai-wa-daidan da kuke ƙorafi a kai shi ya sa ƙungiya ta goma sha biyar take iya sayen ɗan wasan da zai ba ku wahala. Kuna sarar reshen da kuke zaune a kai. A Oktoba 2020 ma Liverpool da Manchester United sun kawo wani shiri na rage gasar zuwa ƙungiya 18, a kuma soke ƙa'idar da ta ce sai da ƙuri'a 14 cikin 20 ake yanke hukunci, ta yadda shida daga cikin tara da suka fi daɗewa za su iya yanke hukunci. An haɗa da tayin fam miliyan 250 ga ƙananan rukunai da annobar korona ta durƙusar. Mai yunwa aka miƙa wa tuwo, a karɓe masa gona. Wata shida bayan an yi watsi da shi Super League ta ɓullo.

Ba dukiyarku muke ƙi ba, ba kuma kasancewarku baƙi a Ingila ba. Aliko Dangote ya sha faɗin cewa yana son sayen Arsenal, kuma da ya saya, waɗannan sharuɗɗan za mu rubuta masa. Abin da ake ƙi shi ne yadda ake saye da abin da ake yi bayan an saya, kuma Manchester United ce darasin. A 2005 ƙungiyar ba ta da bashi. Malcolm Glazer ya sayi kason kusan kashi 29 na John Magnier da J.P. McManus a watan Mayu, ya haura kashi 75 ya cire ƙungiyar daga kasuwar hannun jari, ya kai kashi 98 ya tilasta wa ƙananan masu hannun jari sayarwa. Cinikin ya kai wajen fam miliyan 790, kuma mafi yawansa rance ne. Wani kaso aka jinginar da kadarorin ƙungiyar kanta, wani kuma irin bashin nan ne da ba a biyan ruwansa duk shekara, sai dai ruwan ya hau kan uwar kuɗi ya sake haihuwa, a kan kashi 14.25 cikin ɗari. A taƙaice ƙungiyar aka sa ta sayi kanta ta miƙa wa wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga lokacin zuwa yau abin da ya fita ta hanyar kuɗin ruwa da ladan bankuna da ribar masu hannun jari ya haura fam biliyan ɗaya. A 2012 aka kai hannun jarin kasuwar New York da aji biyu: na jama'a ƙuri'a ɗaya, na iyalan gidan ƙuri'a goma. Duk wanda ya kalli wasan United da Arsenal a Mayu 2024 ya ga sakamakon da idonsa, ruwan sama na kwarara daga rufin Old Trafford kamar indararo yana sauka kan kujeru. Filin da ya fi na kowace ƙungiya girma a Ingila bai samu shiga jerin filayen gasar Turai ta 2028 ba. A ƙarshen 2024 kuma aka mayar da sauran tikitin kaka fam 66, babu rangwame ga yaro ko tsoho.

Liverpool ta ɗanɗana irin wannan a hannun Tom Hicks da George Gillett daga 2007, sai da kotu ta shiga tsakani aka sayar a Oktoba 2010 kan fam miliyan 300. A Arsenal, Kroenke ya sayi kashi 30 na Alisher Usmanov a 2018 kan fam miliyan 550, ya haura kashi 90, ya kwashe hannun jarin da wasu iyalai suka gada tun kakanni, taron shekara-shekara da ake iya miƙewa a yi wa shugabanni tambaya ya ƙare ke nan. Wannan Kroenke ɗin ne ya ɗauke Rams, ƙungiyarsa ta ƙwallon Amurka, daga St. Louis ya kai Los Angeles a 2016. A can Amurka hakan ba abin kunya ba ne, ƙungiya rumfa ce, inda ciniki ya fi nan ake kafa ta, kuma babu mai faɗuwa daga gasa. Uku daga cikinku daga wannan tsarin suka fito, kuma shi suka so dasawa.

Abin da ya tsayar da ku ba UEFA, hukumar ƙwallon Turai, ba ce. Ranar Litinin 'yan wasan Leeds suka fito ɗumama jiki kafin wasa da Liverpool sanye da riguna masu cewa a nemi gurbi da gumi. Ranar Talata magoya bayan Chelsea suka tare hanyar Stamford Bridge, motar 'yan wasa ta kasa shiga, har tsohon golan ƙungiyar Petr Čech ya fito yana roƙonsu. Kafin gari ya waye dukkanku shida kun janye, Ed Woodward da ke tafiyar da Manchester United ya sanar da barin aiki, John Henry ya ɗauki bidiyon ban haƙuri. Ranar 2 ga Mayu aka shiga cikin Old Trafford har aka ɗage wasa da Liverpool. Ba wannan ne karon farko ba. A Fabrairu 2016 kimanin mutum dubu goma suka fice daga Anfield a minti na 77 saboda tikitin fam 77, Liverpool tana gaba da Sunderland 2-0, aka tashi 2-2, kwana kaɗan aka janye ƙarin. Mutanen nan da kuke kira na gado, su ne suka kare abin da mu muke kallo. Waƙarsu ce ke fitowa daga sifikar gidan kallo. Mun ga yadda wasa yake a fili babu kowa a lokacin korona, har sai da masu tashoshi suka riƙa sa ihun ƙarya.

Hukuncin da aka yi muku kuwa, shafa kai ne. Firimiya ta karɓi fam miliyan 22 daga ku shida, wato ƙasa da miliyan huɗu kowanne, kuɗin da bai kai na matashin ɗan benci ba. UEFA ta sa ƙungiyoyi tara su haɗa yuro miliyan 15, da kashi biyar na kuɗin kaka ɗaya. Abin da ke da haƙora shi ne na gaba: cire maki 30 da tarar fam miliyan 25 idan aka sake. Sai dai ƙa'idar Firimiya ƙuri'a 14 ke sauya ta. Kuma ranar 21 ga Disamba 2023 kotun Tarayyar Turai ta ce dokokin da UEFA da FIFA suka yi amfani da su wajen hana sabuwar gasa sun saɓa wa dokar gogayyar kasuwanci, saboda babu ma'auni bayyananne. Kotun ba ta ce dole a amince da Super League ba, amma a ranar kamfanin A22 mai tallata gasar ya fito da sabon zubi na ƙungiya 64, bayan shekara kuma ya dawo da na 96. An kashe maciji ba a sare kai ba. Wani ɓangaren abin da kuka nema ma kun same shi ta bayan gida: gasar Zakarun Turai daga 2024 ta koma ƙungiya 36, wasanni suka tashi daga 125 zuwa 189. Da farko har an ware gurbi biyu ga masu tsohon suna da suka kasa cancanta, sai da magoya baya suka yi ca aka cire a 2022.

Dokar da majalisar Birtaniya ta yi a Yuli 2025, wadda ta samo asali daga rahoton 'yar majalisa Tracey Crouch na Nuwamba 2021, ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa ba ƙungiyoyin rukunai biyar na sama lasisi, ta binciki mai saye da tushen kuɗinsa, ta hana shiga gasar da ta haramta, ta kuma sa a nemi izininta kafin a sayar da fili ko a ƙaura. Ci gaba ne. Da tana nan, da wuya a sayar da Bury kan fam ɗaya a 2018 a kore ta daga gasa bayan wata takwas. Amma rahoton Crouch ya nemi a ba magoya baya hannun jari na musamman mai ikon hawa kujerar na-ƙi, dokar ba ta ba da shi ba. A yawancin abubuwa tuntuɓa ta wajabta, kuma tuntuɓa ba izini ba ce. Wannan giɓin muke so ku cike da hannunku.

Ga yadda ake yi. A ƙirƙiri hannun jari guda ɗaya tak, na aji dabam, ba ya cin riba, ba a sayar da shi, a damƙa wa ƙungiyar magoya baya mai rajista wadda kowane mamba ke da ƙuri'a ɗaya. Ikonsa ya tsaya kan abubuwa ƙididdigaggu: shiga gasar da babu hawa da sauka, sayar da fili ko jinginar da shi ko ƙaura, sauya suna ko tambari ko launin rigar gida, da kai wasan lig wata ƙasa. Ba ruwansa da sayen ɗan wasa ko korar koci. Ba sabon abu ba ne. Magoya bayan Brentford suna da irinsa a kan filinsu. A Chelsea tun 1997 ƙasar filin da sunan ƙungiyar suna hannun kamfanin magoya baya, kuma da Roman Abramovich, mai ƙungiyar a lokacin, ya nemi saye a 2011 ya samu kashi 61.6, ana bukatar 75, dole ya haƙura. Liverpool ta riga ta ɗauki alkawarin cewa ba za ta shiga gasar ɓallewa ba sai da yardar magoya baya, ta ce za ta sa a kundin kamfani. Sauranku kwamitocin shawara kuka kafa. Chelsea ta ba mutum uku kujera a zaman shugabanni babu ƙuri'a. Joel Glazer ya yi alkawarin sayar wa magoya baya hannun jari mai cikakkiyar ƙuri'a a 2021, shekaru suka shuɗe shiru kake ji.

Wurare uku ne irin wannan tsari ke lalacewa, kuma lauyoyinku sun san su sarai. Na farko, a dokar kamfanonin Birtaniya kashi 75 na ƙuri'a ya isa a gyara kundin kamfani, ku kuma kowannenku da abokan jarinsa sun fi haka. Alkawarin da aka rubuta a kundi kawai, wanda ya rubuta yana iya gogewa da rana tsaka. Dole a rubuta cewa ba a taɓa haƙƙin wannan hannun jari sai da yardar mai riƙe da shi. Na biyu, kadara tana iya sulalewa zuwa wani kamfani. Derby da Sheffield Wednesday da Aston Villa duk sun sayar da filayensu ga kamfanonin masu su don gyara lissafi, Chelsea ma ta sayar da otal-otal ɗinta biyu ga 'yar'uwar kamfaninta. Idan ikon na-ƙi yana kan kamfanin ƙungiya ne kaɗai, fili kuma yana wani kamfani, an ba mutum mukullin ɗakin da babu komai a ciki. Sai an ɗaura sharaɗin a kan takardar filin kanta. Coventry, lokacin da ba ta mallaki filinta ba, sau biyu tana yin wasannin gida a garin wasu.

Na ukun shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye: wa zai jefa ƙuri'a? Mun hango dabarar tun daga nesa. Za a ce ai ƙungiya ta duniya ce, a buɗe rajista ta intanet, a tara miliyoyin sunaye daga Kano da Jakarta da Mumbai, a tura musu tambaya mai zaƙi a waya, a nutsar da mutum dubu hamsin da ke zuwa fili. An riga an gwada ƙaramin samfurinsa da sulallan intanet da Arsenal da Manchester City suka sayar wa magoya baya, inda mai sulalla ke zaɓen waƙar da za a sa a fili, har hukumar kula da talla ta Birtaniya ta tsawata wa Arsenal a 2021. Ba ma son wannan ƙuri'ar. Ikon na-ƙi a kan fili da suna na masu tikitin kaka ne da mambobin da suka yi aƙalla shekara uku suna biya, a kuma rufe rajista tun ranar da aka sanar da batun, kada a wayi gari da sababbin mambobi dubu ɗari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada kuma a ɗauka mallakar mambobi ita kaɗai magani ce. Real Madrid da Barcelona na mambobi ne, amma su suka fi kowa naci a kan Super League. A Madrid mai neman shugabanci sai ya shekara 20 yana mamba, ya kuma kawo lamunin kashi 15 na kasafin shekara, sharaɗin da ya bar takara ga attajirai kaɗai. A Jamus ƙa'idar 50+1 ta 1998 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi, kuma Bayern Munich da Dortmund sun ƙi shiga shirinku. Duk da haka RB Leipzig ta zagaye ta ta hanyar taƙaita masu ƙuri'a zuwa 'yan tsiraru. A Disamba 2023 ƙungiyoyin Jamus 36 suka yi ƙuri'ar sirri kan sayar da kaso na kuɗin talabijin na shekara 20 ga masu zuba jari, aka samu 24, daidai adadin da ake bukata ba ƙari, ana kuma zargin wakilin Hannover ya saɓa wa umarnin mambobinsa. Makonni aka yi ana ruwan ƙwallayen tanis da cakulan a filaye, har da motocin wasan yara masu rimot, kafin a soke cinikin a Fabrairu 2024. Saboda haka ku buga yadda kowannenku ya jefa ƙuri'a a taron Firimiya da na ƙungiyoyin Turai, cikin mako guda, da sunan wanda ya wakilce ku.

A kan bashi, Firimiya ta taƙaita rancen sayen ƙungiya zuwa kashi 65 na darajarta a 2023. Wannan ya yi yawa ƙwarai. Ku goyi bayan a hana ɗora ko sisin bashin saye a kan ƙungiya. Rancen gina fili ko makarantar horar da yara dabam ne, yana barin abin da ido zai gani. Kuma kada a fitar da riba ga masu hannun jari a shekarar da aka yi asara.

Saura batun kawo wasa ƙetare, wanda shi ma da sunanmu ake tallarsa. Richard Scudamore, shugaban Firimiya na lokacin, ya kawo shawarar ƙara zagaye na 39 da za a buga a ƙasashen waje a 2008 aka yi masa ca. A 2025 La Liga ta shirya kai wasan Villarreal da Barcelona Miami, 'yan wasa suka riƙa tsayawa cak na daƙiƙa goma sha biyar a farkon wasanni, aka soke a Oktoba. Lissafin a bayyane yake: kowace ƙungiya wasa 19 take yi a gida, 19 a waje. Ka ɗauke ɗaya ka kai inda 'yan kallo duk na babbar ƙungiya ne, ka ba ta wasan gida 20, ka kuma ƙwace wa mai tikitin kaka abin da ya riga ya biya. Mu kuma ba Kano ko Yamai za a kawo shi ba, mun sani, inda dala take za a kai. Idan da gaske kuna son mu gan ku ido da ido, hanya tana nan: a Yuli 2008 Manchester United da Portsmouth sun buga a Abuja, babu makin kowa da ya taɓu. Ku dawo a watan Yuli, ku sa tikiti daidai aljihun mutane, ku zo da masu horar da yara su yi mako guda. Wasan lig kuwa ku bar shi a unguwar da aka haife shi, za mu gan shi a allo kamar yadda muka saba.

Wassalam.

Daga wasu masu bin gasar Firimiya a ƙasar Hausa.